Bayan Lamba 108: Tarihin Muryoyin da ke Ratsa Samaniyar Jigawa

Duk mai ƙaramar rediyo a Dingaya ta ƙasar Gwaram ya san inda allurarta take cijewa. In ya murɗa ta a layin FM, ya wuce gidajen rediyon Dutse da na maƙwabta, to a lamba 108 za ta tsaya, ba gaba kuma. Sai dai iska ba a nan ta ƙare ba. Daga 108 zuwa 118 na'urorin da ke nuna wa jirage hanya ne ke aiki ba dare ba rana. Daga megahaz 118 zuwa 137 kuwa mutane ne ke magana, wato matuƙa jirage da jami'an da ke ba su hannu daga ƙasa. Farin layin nan da yara ke nunawa da yatsa in gari ya washe, a bakinsa akwai mutum biyu zaune da abin sauraro a kunne, suna shaida wa Kano ko su wane ne, a wane tsayi suke, kuma ina suka dosa.

Ba haka aka faro ba. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka a filin wasan dawaki na Kano ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga Helwan ta kusa da Alƙahira suka taso, suka biyo ta Hartum da El Fashir da Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena, sannan Maiduguri. Babu filin jirgi, balle hasumiya, balle wanda zai ce musu ga inda iska take kaɗawa. Taswira ce da kamfas da ido. Zangonsu na daga Maiduguri zuwa Kano ya ratsa ƙasar da yau take jihar Jigawa, wadda a lokacin duk cikin Lardin Kano take. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano, daga baya a shekarar aka miƙa layin har Ikko.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mai da wannan hanya ta gabas babbar gwadabe. Da Bahar Rum ta zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Sudan har Masar. Ayari na farko ya tashi a watan Satumba 1940, kuma kafin a gama fiye da jirage 5,000 ne suka bi hanyar. Yadda suke tafiyar shi ne abin lura. Ƙananan jiragen Hurricane mutum ɗaya suke ɗauka, ba mai duba masa taswira, don haka sai a sa babban jirgi ƙirar Blenheim a gaba da masanin hanya a ciki, su kuma su bi shi a baya kamar raƙuman ayari bayan madugu. In hazo ya sauko, madugun ya ɓace wa mutum, to ya shiga uku, don ƙasa duk iri ɗaya ce a idonsa.

A nan matsalar ƙasar Hausa take, kuma har gobe ita ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan taso daga kwarin Bodele na arewacin Cadi ta lulluɓe arewa, wani lokaci mutum ba ya hangen abin da ke gabansa da 'yan ɗaruruwan mitoci. Idan ido ya gaza, kunne ake komawa. Shi ya sa tarihin jirgin sama a wannan yanki rabinsa tarihin rediyo ne.

Gab da ƙarshen yaƙin aka zauna aka tsara abin. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar da hukumar ICAO, wadda ta daidaita yadda za a riƙa magana a sama: Turanci ne harshen da kowa zai iya komawa gare shi, kalmomi ƙayyadaddu, kuma umarni mai muhimmanci sai matuƙi ya maimaita shi don jami'i ya tabbatar an ji daidai. A 1956 aka tsayar da jerin kalmomin da ke wakiltar haruffa, Alfa, Bravo, Charlie, Delta, har zuwa Zulu, don kada shuu ɗin rediyo ya mai da B ta zama D. Jiragen Nijeriya lambarsu da 5N take farawa, na Nijar da 5U. Kano kuwa ta fito da wani matsayi da Kanawa da yawa ba su ma san suna da shi ba: a taswirar matuƙa ta duniya, sararin samaniyar Nijeriya baki ɗaya da sunan Kano ake kiransa, duk da cewa cibiya biyu ce ke raba aikin, ɗaya a Kano ɗaya a Legas. Masu wannan aiki a Zariya ake horar da su, a kwalejin koyon tuƙin jirgi da aka kafa a 1964, kuma hukumar NAMA ce ke kula da su tun da aka kafa ta a 1999.

Akwai ranar da kunnen Kano ya wuce jirage ya kai sama jannati. Hukumar NASA ta Amurka ta gina tashar bin sawu a Kano don shirinta na Mercury. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, lokacin da John Glenn ke kewaya duniya sau uku a kumbonsa, ya yi magana da tashar, ya ce yana hango guguwar ƙura a ƙasa. Ma'aikatan Kano suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska na bugawa da ƙarfi. Mutum yana can sama da nisan fiye da kilomita 150, amma hirar tasu ta hazo ce, irin wadda manoman Gwaram suke yi a bakin masallaci a watan Fabrairu.

Wani abin mamaki shi ne rediyon jirage har yau AM ce, tsohuwar fasahar da masu sauraro suka sani a matsakaicin zango, mai ƙara da shuu. Ba rashin kuɗi ba ne. A FM, in mutum biyu suka yi magana lokaci guda, mai ƙarfin ya danne mai rauni gaba ɗaya, ba wanda zai san an yi magana ta biyu. A AM kuwa muryoyin karo suke yi, a ji wani fito mai tsini, kowa ya gane an taka wani, a ce a maimaita. Kariya ce, amma ba cikakkiya ba. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, hazo ya rufe filin jirgi. Jami'in hasumiya na ce wa jirgin KLM ya dakata tukuna, a daidai wannan daƙiƙar matuƙan Pan Am na cewa suna kan titin ba su fita ba. Saƙonnin biyu suka haɗu, abin da ya isa kunnen matuƙan KLM galibi fito ne. Manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo, mutum 583 suka mutu. Bayan wannan ne aka hana furta kalmar tashi a rediyo sai a lokacin da ake ba da izinin tashin ko soke shi.

Hatsarin da ya fi taɓa gidajen Hausawa shi ne na Jidda, ranar 11 ga Yuli 1991. Jirgi ne ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke aiki da sunan Nigeria Airways, ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato. Wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. Yana gudu a kan titi biyu daga cikinsu suka fashe, wuta ta kama, matuƙa ba su sani ba, suka tashi suka naɗe tayoyin cikin jirgi da wutar a jikinsu. Da na'urori suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kyaftin ya kira ƙasa, sai bakinsa ya suɓuce ya ambaci sunan kamfaninsa na gida maimakon sunan da aka san jirgin da shi a ranar. A daidai lokacin akwai wani jirgin Saudiyya a kan layin. Jami'in ya ɗauka da shi yake magana, aka shafe kusan minti uku ana ba wani jirgi amsar kukan wani. Jirgin ya faɗi dab da filin, mutum 261 da ke ciki ba wanda ya tsira. Masu bincike sun ce ruɗanin bai sauya ƙarshen al'amarin ba, wutar ta riga ta ci ƙarfinsa. Duk da haka, wanda ya san labarin ba zai ƙara ganin maimaita sunan jirgi a kowace jimla a matsayin ɓata lokaci ba.

To ina matsayin 'yar ƙaramar rediyon hannu ta masu jirage a duk wannan? A ido oba-oba ce irin ta 'yan sanda, da gajeriyar eriya ta roba da maɓallin da ake dannawa a gefe in za a yi magana. Kamfanonin Japan, Icom da Yaesu, su suka fi suna wajen ƙera ta. Ƙarfinta bai wuce wat 5 zuwa 6 ba, amma tana da abin da babbar rediyon jirgi ba ta da shi: batirinta nata ne. A ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, irin wanda ɗalibai ke koyo da shi, in janaretan da ke caja ya mutu injin zai ci gaba da juyawa, amma rediyo da fitilu za su bi batir su ƙare. Matuƙin da ba shi da ta hannu sai ya koma dokar kurame. Tun da sauran wuta ya sa lambar 7600 a na'urar da rada ke karantawa, ya zo ya kewaya fili, yana leƙen hasumiya. In aka hasko masa koren fitila tsayayye, ya sauka. In ja ne tsayayye, ya ci gaba da kewayawa. In ja ne mai ƙiftawa, filin ba lafiya. Tsari ne mai kyau a takarda, amma a hazon Janairu hango fitilar ma aiki ne. Mai rediyon hannu a jaka kuwa sai ya ciro ta, ya haɗa da abin sauraronsa, ya yi magana. In lamarin ya yi tsanani akwai 121.5, zangon gaggawa da cibiyoyi da manyan jirage ke kasa wa kunne. Matsalar rediyon hannun ɗaya ce: ƙarfen jikin jirgi yana tare saƙo, don haka masu dabara kan tanadi wayar da za su haɗa ta da eriyar waje.

A ƙasa ma tana da aiki. Motar kashe gobara, da mai duba titin jirgi da asuba, da injiniyan da zai ja jirgi, duk ba mai taka titin sai ya nemi izinin hasumiya, kuma sau da yawa da ta hannu yake nema. Tun 2014, da aka buɗe filin jirgin Dutse wanda gwamnatin Sule Lamido ta gina, irin wannan magana ta zama abin cikin gida a Jigawa, musamman lokacin jigilar maniyyata.

Sai kuma masu sauraro zalla, waɗanda tasu na'urar ba ta da maɓallin magana. Wasu rediyoyin ƙasar Sin, irin su Tecsun PL-660, suna zuwa da wannan zango a jikinsu. Wanda ya kunna irinta a Dingaya zai tarar da abin da kan ba sabon shiga mamaki, wato rabin hira kawai yake ji. Saƙon wannan zango miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa ya bi doron ƙasa, ba ya kuma dawowa daga sama yadda gajeren zango ke kawo BBC Hausa daga nesa. Jirgin da ke tsayin ƙafa 35,000 ana iya jin sa daga nisan kusan kilomita 400, saboda ba abin da ya tsaya tsakani. Eriyar da ke kan hasumiya mai tsayin mita 30 kuwa, ga mutumin da ke tsaye a ƙasa, da ƙyar take wuce kilomita 30. Kano ta fi kilomita 100 daga Birnin Kudu, balle Gwaram. Don haka muryar matuƙi za ta shigo tar, ya faɗi sunan jirginsa da tsayinsa, a yi shiru na 'yan daƙiƙu, sai ya dawo yana maimaita umarnin da mai sauraro bai ji an ba shi ba. Albarkacin dokar maimaitawar nan ne ake cike gurbin. Hawa kan duwatsun Birnin Kudu zai ƙara yawan jiragen da ake kamawa, amma ba zai kawo hasumiyar Kano ba.

Mutanen da suka tashi da rediyo a rataye a kafaɗa, daga gona zuwa kasuwa, ba sai an koya musu haƙurin sauraro ba. Abin da ya kamata su sani shi ne doka ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Amurka sauraron jirage halas ne, har akwai shafin LiveATC da ke watsa hirar filayen jirage a intanet. A Ingila kuwa doka ba ta yarda mutum ya saurari saƙon da ba don shi aka aiko ba, shi ya sa shafin ba ya ɗauke da filayenta. Inda ƙasashe ba su saɓa ba shi ne magana. Danna maɓalli a wannan zango sai mai lasisi, domin muddin yatsan mutum na kan maɓallin, duk jirgin da ke jin sa ba zai ji umarnin da ake ba shi daidai ba, kuma jirgin da ke sama sosai yana jin 'yar oba-oba daga nisan da mai riƙe da ita bai taɓa zato ba. A Nijeriya hukumar NCAA ce ke ba matuƙa da jami'an hasumiya lasisi, kuma sai ta gwada Turancinsu na rediyo kafin ta sa hannu.