Daga Gona Zuwa Majalisa: Manomin Ƙasar Kankiya da Tsarin Zaɓe, 1951–1999

Idan aka bi sunayen waɗanda suka wakilci Lardin Katsina a majalisun Kaduna da Ikko kafin juyin mulkin 1966, za a tarar galibinsu malaman makaranta ne ko ma'aikatan En'e, irin su Alhaji Isa Kaita da Alhaji Musa 'Yar'aduwa. Da wuya a rasa gona a hannun irin waɗannan manya, amma ba gonar ce ta kai su majalisa ba. Manomi tsantsa, irin na Sukuntuni a ƙasar Kankiya, wanda harajinsa ke riƙe da baitulmali, bai cika samun kujera ba.

Dalilin yana cikin tsarin zaɓen kansa. A 1951, ƙarƙashin Tsarin Mulkin Macpherson, zaɓe a Arewa hawa-hawa aka yi shi. Magidanta su taru a ƙauye su fid da wakilai, waɗannan su je gunduma su sake fid da wasu, har a kai matakin lardi, inda ake zaɓen 'yan majalisa. A matakin ƙauye kuwa a bainar jama'a ake yi, dagaci yana kallo, kuma shi ne mai karɓar haraji. Bugu da ƙari, an ba En'e ikon cusa nata mutanen, kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshe. Da haka ne jam'iyyar NEPU, wadda ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, ta tashi ba ko kujera ɗaya. Wato rariya ce, kowane hawa yana tace talaka.

A zaɓen tarayya na 1959 an jefa ƙuri'a kai tsaye, maza kaɗai. Sai dai wani shingen ya rage: da Turanci ake muhawara a majalisar Ikko, alhali a Kaduna ana jin Hausa.

Tsarin Mulkin 1999 ya mai da shingen ilmi doka. Sashe na 65 ya shardanta wa ɗan takarar Majalisar Tarayya takardar sakandare ko makamanciyarta, ko da yake sashe na 318 ya sassauta ma'anar “makamanciya” ƙwarai. A ƙarƙashin wannan sharaɗi ne Sukuntuni ta shiga zaɓen wakili ɗaya tare da sauran ƙasar Kankiya da Kusada da Ingawa.