Gidan Zoo na Kano: Wa Aka Yi Wa Hanyar Zuwa?

Idan ana tarihin wurin shaƙatawa, akan faɗi wanda ya gina shi da shekarar da aka buɗe, sa'an nan a yi shiru. Ni kuwa a ganina akwai tambayar da ta fi waɗannan nauyi, watau da me talaka yake isa wurin? A kan wannan nake so mu dubi Gidan Zoo na Kano.

Tun asali Bakano bai rasa wurin shan iska ba. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya tarar da gonaki da filaye masu faɗi a cikin ganuwa. Ga Dala, ga Goron Dutse, duk a ƙasa ake zuwa, babu mai tambayar ko anini.

Zuwan Turawa a 1903 ya kawo wani sabon salo. Dokar tsara garuruwa ta zamanin Lugga, ta 1917, ta sa a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don gudun sauro da cuta. An sami itatuwa da inuwa, amma fa ba don mutanen gari aka yi su ba. Ɗan ƙasa kan ratsa wurin ne in aiki ya kai shi gidan Bature.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Bako ya zo da nasa tunani. A 1971 ya kafa gidan namun daji a kudancin birni, bayan Gandun Albasa, aka buɗe shi a 1972. A wancan zamani wurin bakin gari ne, gonaki sun kewaye shi. Hikimar da ke ciki ita ce, an fitar da dabbobi daga hayaniya, amma ba a kai su inda ƙafa za ta gaza ba. Wanda ya fito ta Ƙofar Ɗan Agundi ba ya cika awa guda yana tafiya. Mai keke kuwa, kafin gumi ya karyo masa ya isa.

Kada mu manta, zamanin nan keke shi ne dokin talaka. Malamin makaranta da masinja da ɗan kasuwa duk Raleigh suke hawa, wanda ba shi da nasa kuma ya je wurin masu haya. Uba kan ɗora yaro ɗaya a gaba, ɗaya a kariya, ranar Salla su nufi kallon zaki. Mu mutanen Bena, a ƙasar Zuru, mun san darajar wannan abin hawa, domin ya daɗe yana kai hatsin ƙauye kasuwarmu. Daji kuwa a bayan gida muke da shi. Ɗan birni shi ne sai an tanada masa nasa, an kuma bar masa hanyar zuwa.

To, daga nan al'amari ya fara juyawa. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya cika gari da babura, a shekarar kuma aka buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kaduna. Keke ya koma alamar rashi. Gari ya yi ta tafiya kudu har ya haɗiye Tukuntawa da Sheka, Titin Gidan Zoo ya zama kasuwa, balle da aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero a 2014. An faɗaɗa titi don mota, gefen da mai ƙafa zai bi kuwa masu tebur da masu ajiye motoci suka cinye shi. Da aka hana acaɓa a Kano a 2013, Adaidaita Sahu ta ƙara cika hanya. Nisan bai ƙaru da taku ɗaya ba, amma wane uba ne yau zai saki ɗansa a kan keke ya bi wannan titi?

A 2020 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta bayyana niyyar mayar da gidan zuwa Tiga, saboda hayaniyar gari ta dami dabbobi. Hujjar ba ta banza ba ce. Sai dai Tiga tana wajen kilomita 70 daga Kano. Babu almajirin da zai taka, babu ɗan firamaren da zai tuƙa keke zuwa can. Ke nan wurin da aka yi don kowa zai zama na masu mota da masu kuɗin mota.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, duk ranar da aka sake ta da wannan magana, ko ake shirin yin irin wannan wuri a Zuru ko Birnin Kabi, mu tambayi hukuma abu biyu: ina gefen masu tafiya a ƙasa, ina kuma layin masu keke? A auna nisan da ƙafar yaro, kamar yadda aka auna a 1971. Allah ya sa masu tsara garuruwanmu su ji.