Raƙumi, Jemage da Tarihin Korona

Korona da ta iso Najeriya a 2020 tana da 'yan'uwa da suka riga ta, kuma daga jikin dabba suka shigo jikin mutum.

A 2002 cutar SARS ta ɓulla a kudancin Sin. Asalinta jemage ne, ta bi ta kan wata dabbar daji mai kama da mage da ake sayarwa a kasuwa, ta kashe mutum kusan 800. A 2012 kuma aka gano MERS a Saudiyya, ita ko daga raƙumi take kama mutum. Cikin mutum uku da aka tabbatar sun kamu, wajen ɗaya ya rasu.

To, ina ruwanmu? A 2015 masu bincike sun samu ƙwayar MERS a hancin raƙuman da ake yankawa a mayankar Kano. Mu kuwa nan Gobir raƙuma na shigo mana daga Nijar. Raƙumin da ke ɗauke da ita sau da yawa majina kawai yake yi, shi ya sa ba a ganewa.

Ko ba kya fita, 'yar'uwa, nono da nama har tsakar gida suke iske ki. Ki tafasa nonon taguwa, ki dafa naman ya nuna, ki wanke hannu da sabulu. Fitsarin raƙumi da wasu ke sha don magani a bar shi, musamman mai ciwon suga ko ƙoda. In maigida mai hulɗa da raƙuma ya yi zazzaɓi da tari, a tafi asibiti, a gaya wa likita sana'arsa. Allah ya kare mu.