Tarihin ƙananan zobban da ke jikin sandar fatsa, da yadda ake zaɓensu

Idan ka taɓa riƙe sandar fatsa ta zamani, irin mai injin naɗe zare a gindi, to ka ga wasu ƙananan zobba jere a jikinta tun daga kusa da hannu har zuwa tsini. Ta cikinsu zare yake bi. Yawancin mutane ba sa ko kallonsu, amma a Amurka, inda masu sha'awar kamun kifin bass suke sayen tsurar sanda su haɗa abarsu da hannunsu, babu abin da ake musu a kansa kamar waɗannan zobba. Akwai saiti mai araha, akwai kuma wanda kuɗinsa ke neman kamo na sandar kanta. Abin da zai hana ka zubar da kuɗinka a banza shi ne ka san cewa kusan kowane irin zobe an ƙirƙiro shi ne saboda zaren fatsa ya canja. Wanda ya san wane zare ya haifi wane zobe, zaɓi ba ya yi masa wuya.

Shi bass kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka, an kuma kai shi ƙasashe irin su Japan da Afirka ta Kudu da Kenya. Ba a cika kama shi ta hanyar sa koto a zauna jira ba. Koton ƙarya ake ɗaurawa, na roba ko na katako ko na ƙarfe, a wurga a jawo, a sake wurgawa, sau ɗaruruwa a wuni guda. Ka ga ke nan zaren yana ta gogar zobban nan tun safe har yamma. Kuma ba wucewar zare kaɗai ne aikinsu ba. Su ne ke rarraba nauyin kifi a tsawon sandar idan ta lanƙwasa, don kada ƙarfin ya taru wuri guda ta karye.

Da can babu su ma. A Ingila, zamanin da Izaak Walton ya fitar da littafinsa na kamun kifi a 1653, yawancin masu fatsa gashin jelar doki suke murɗawa su ɗaure a tsinin sanda, shi ke nan. Zaren da ba ya tafiya ai ba ya buƙatar hanya. Sai da injin naɗi ya samu karɓuwa sannan aka fara ɗaura 'yan zobban waya. A farkon ƙarni na 19 wani mai gyaran agogo, George Snyder, a garin Paris na jihar Kentaki, ba na Faransa ba fa, ya ƙera injin da idan ka juya hannu sau ɗaya kwarkwaron zare zai juya sau da yawa. Irin wannan inji ya ba mutane damar wurga koto kai tsaye daga kwarkwaro. Kafin James Henshall ya fitar da littafinsa a kan kifin bass a 1881, wannan salon ya zauna da gindinsa, da sandar katako ko ta gora, da zaren siliki.

Siliki yana da tsada, kuma zoben ƙarfe mai kaushi yana cinye shi. Maganin da aka samo shi ne dutsen aƙiƙ, wannan dai da ake sa wa zoben azurfa. Sai a huda shi, a goge shi sumul, a dasa shi cikin ƙafar ƙarfe. Santsi kam ba a magana, amma sanda na faɗuwa kan dutse zai tsage, ga shi ba araha. Shi ya sa a tsofaffin sanduna da yawa za ka ga aƙiƙ a wuri biyu kacal, zoben farko da na tsini, inda gugar ta fi tsanani. Riƙe wannan dabarar, za mu sake haɗuwa da ita.

A 1938 kamfanin DuPont ya sanar da nailan, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1950 zaren nailan mai sili ɗaya ya mamaye kasuwa. Daidai lokacin sandar faiba ta maye gurbin gora, sannan wani injin ya yaɗu daga Turai, wanda kwarkwaronsa ba ya juyawa lokacin wurgi, zaren ne ke warwarowa da kansa. Mitchell 300 na Faransa shi ne ya fi suna. Daga irin wannan inji zare yana fita ne yana kewaye, sai maƙera suka ce to a ba shi fili. Aka riƙa sa ƙaton zobe a farko, na biye da shi ya ɗan ragu, haka har tsini, duk na ƙarfe.

Nan wata matsala ta ɓullo. Bayan an daɗe ana aiki da sanda, sai a ga zare ya yi wa zoben ƙarfe kwari, kwarin kuma ya koma yana yanka zaren. Za ka ce yaya roba za ta ci ƙarfe? Ba ita ke ci ba. Jiƙaƙƙen zare yana kwaso ƙurar yashi daga ruwa, kuma a ma'aunin tauri na Mohs yashi yana kan 7, ya fi yawancin ƙarfe. Abin da ke karce gilashin wayarka a aljihu ke nan, ba makulli ba. Zaren ya zama kamar zarto mai laushi. An gwada zoben tangistin, ya jure, sai dai nauyi.

Abin da ya sa aka daina ɗaukar lamarin da wasa shi ne kuɗi. A 1967 Ray Scott ya shirya gasar kamun bass a tafkin Beaver na jihar Akansas, masunta 106 suka shiga. Daga nan ya kafa ƙungiyar B.A.S.S., aka kuma fara babbar gasar Bassmaster Classic a 1971. Yanzu idan zare ya tsinke, kyauta ce ta tafi. Sannan a 1973 kamfanin Fenwick ya fito da sandar kabon, marar nauyi, mai kai motsin koto har tafin hannu. Ka ɗora wa irin wannan sanda manyan zobban ƙarfe, ka kashe ta.

Amsar daga Japan ta zo, ƙasar da aka kai wa kifin bass a 1925 aka zuba a tafkin Ashi. Kamfanin Fuji, wanda aka kafa a Shizuoka a 1945, shi ya yi fice wajen dasa zoben tangaran cikin ƙafar ƙarfe. Ba tangaran ɗin kofin shayi ba, wani ne da ake gasawa daga sinadarin alumina, taurinsa wajen 9 a ma'aunin Mohs, yashi ba ya iya masa komai. A shekarun 1970 irin waɗannan zobba suka cika sandunan bass a Amurka. A farkon shekarun 1980 Fuji ya ƙaro wanda ake kira SiC, ya fi alumina tauri, yana kuma saurin watsar da zafin guga.

Sai zare ya sake canjawa. A farkon shekarun 1990 aka fito da zaren kitso, irin su SpiderWire, wanda ake kitsawa da siraran zaruruwan roba masu ƙarfin gaske. Siriri ne, ba ya miƙewa, kuma laushi gare shi kamar zaren ɗinki. Laushin nan ne ya kawo sabon ciwon kai, domin iska na kaɗa shi sai ya naɗe ƙafar zobe, ka wurga ya ƙulle. A tsakiyar shekarun 1990 Fuji ya juya tsohon tunani: maimakon a bar zare ya yi ta kewaye har tsini, a shaƙe shi da wuri da zobba biyu ko uku masu dogayen ƙafafu, sauran su zama ƙanana, da yawa, marasa nauyi. Wajen 2010 aka samu firam mai lamba K, wanda aka karkatar da shi gaba yadda zaren da ya naɗe zai zame ya fita da kansa. A lokacin ne kuma aka yi ta yayin mitsi-mitsin zobba masu lamba 4 ko ƙasa da haka. Torzite, zobe siriri a kan firam ɗin taitaniyam, ya biyo baya a 2013.

To yanzu ga ka da tsurar sanda mai ƙafa 7 a gabanka. Fara da injin da za ka ɗora mata. Lambar zobe kusan faɗinsa ce a milimita. Idan injin mai juya kwarkwaro ne, jikan na Snyder, a saman sanda yake zama kuma zarensa a miƙe yake fita, don haka ba ka buƙatar babban zobe. Na farko lamba 10 ko 12 mai ƙafa biyu ya isa, sai ka sauko zuwa 6 ko 5 masu ƙafa ɗaya. Idan kuwa mai warwaro zare ne, tsayin ƙafar zoben farko ya fi faɗinsa muhimmanci. Ga matsakaicin inji da siririn zaren kitso, jerin 20, 10, 5.5 masu dogayen ƙafafu sananne ne. Da nailan mai kauri kuwa sai ka ƙara girma, don shi ba ya yarda a shaƙe shi da wuri.

Game da irin tangaran, ra'ayina shi ne kada talla ta ruɗe ka. Alumina mai kyau, kamar Alconite na Fuji, yana ɗaukar zaren kitso lafiya lau, kuma bass ba kifin teku ba ne da zai ja zare mita ɗari har zobe ya yi zafi. In kana da rarar kuɗi, yi irin ta mutanen zamanin aƙiƙ, ka sa SiC a tsini. Inda kuɗi ke aiki da gaske shi ne rage nauyi a rabin sanda na gaba, domin giram ɗaya a tsini ya fi giram da yawa kusa da hannu tasiri. Amfanin taitaniyam ke nan, ban da cewa ba ya tsatsa. A ruwan daɗi, ƙarfe marar tsatsa ma ya wadatar.

Mitsi-mitsin zobba kuwa, sai ka yi hattara. Masu zaren kitso da yawa suna ɗaura masa wani guntun zare marar launi a gaba don kada kifi ya gani, kuma ƙullin da ya haɗa su dole ya wuce ta kowane zobe. Idan ƙullinka mai kauri ne, a lamba 4 zai riƙa bugawa har wata rana ya kwance, galibi ranar da babban kifi ya kama. Tsinkakken ganye da gansakuka su ma suna toshe su. Ɗaura ƙullin da ka saba, ka zura shi cikin zoben kafin ka saya da yawa.

Yawan zobba fa? Tsohon lissafi shi ne tsawon sanda a ƙafa, ka ƙara ɗaya, ban da na tsini, wato 8 ga sanda mai ƙafa 7. Da ƙananan zobba za ka iya kai 9 ko 10. Amma sandar ce za ta faɗa maka gaskiya. Manna zobban da salatif tukuna, kada ka naɗe su da zare ka shafa gam. Zura zare, ɗaure tsinin da wata igiya daban ka ja har sandar ta lanƙwasa sosai, sannan ka duba. Duk inda zaren ya taɓa jikin sanda, ko ya yi kwana mai kaifi, matsa zobe ko ka ƙara ɗaya. Wannan taɓawa ta fi damun sandar da zobbanta ke sama, har wasu maƙera sukan jera su suna kewaya sandar su koma ƙasa kafin tsini. Ido ba ya son ganinta, amma sandar ba ta murɗewa a hannu idan kifi ya ja.

Kafin ka naɗe ko wanne, ɗauki audugar goge kunne ka juya ta cikin zoben. Tangaran yakan yi tsagar da ido ba ya gani, amma auduga za ta maƙale a wurin. Wanda ya kama auduga, ajiye shi gefe ka ɗauko wani.