Taura biyu a baki ɗaya: tarihin libarbar da ke cin harsashin farauta

A shekarar 2006 kamfanin Taurus na ƙasar Burazil ya fito da wata libarba mai cin harsashi biyar a kasuwar Amurka. Da farko lamba kawai gare ta, 4410. Daga baya aka raɗa mata suna Judge, wato Alƙali, saboda wani babban jami'in kamfanin, Bob Morrison, ya samu labarin cewa wasu alƙalai a birnin Miami suna sayenta domin kare kansu. Abin da ya bambanta ta da sauran libarbobi shi ne tana harba harsashi iri biyu: na libarba mai dunƙulalliyar dalma guda, da kuma na bindigar farauta, wanda idan ya fita yake watsa ƙwayoyi da yawa. Masu tallarta suka ce ga makami guda da zai kashe maciji a hanyar daji, ya kuma tare ɓarawo a cikin gida. Ta samu karɓuwa ƙwarai, har kamfanin Smith & Wesson ya biyo sahu a 2011 da tasa, mai suna Governor.

Tun daga lokacin masana makamai a Amurka suke jayayya kan ko wannan bindiga tana cika alƙawarin da aka yi da sunanta. Amsar tana cikin tarihinta, domin dokar haraji ta 1934 da wata dacewa ta awo su ne suka ba ta siffar da take da ita, fiye da buƙatar mafarauci ko ta maigida.

Mafarkin likitan New Orleans

Burin haɗa bindigogi biyu a hannu ɗaya tsoho ne. A 1856 wani likita haifaffen Faransa mazaunin New Orleans, Jean Alexandre LeMat, ya yi rajistar wata libarba mai ban mamaki. Gangarta mai juyawa tana ɗaukar harsashi tara, kuma maimakon ta juya a kan siririn ƙarfe kamar sauran libarbobi, sai take juyawa a kan wani bututu na biyu, mai faɗi, mai sulɓin ciki, wanda ake ɗura wa albarushi da ƙwayoyin dalma. A kan 'yar gudumar da ke dukan harsashi akwai wani ɗan harshe da ake lanƙwasawa da babban yatsa domin zaɓen bututun da zai tashi.

Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, 'yan awaren Kudu suka yi odarta. Janar P. G. T. Beauregard yana cikin masu hannu a cinikinta, shahararren kwamandan dawakai J. E. B. Stuart kuma ya riƙe ta. Amma Kudu ba ta da isassun masana'antu, don haka a Turai aka ƙera mafi yawanta, a Faris da Liège ta Beljiyam, ana satar hanya da ita ta cikin takunkumin jiragen ruwan Arewa. Duka-duka waɗanda aka ƙera ba su haura dubu uku ba. Tana da nauyi, ɗurinta na cin lokaci, kuma girman harsashinta bai dace da wanda sojoji suka saba rabawa ba. Abin lura shi ne LeMat ya ware wa kowane irin harsashi bututunsa. Ya fahimci cewa dunƙulalliyar dalma da warwatsattsun ƙwayoyi ba abu ɗaya suke nema ba.

Me ya sa bututun ya bambanta?

A cikin bututun libarba ko na doguwar bindigar soja akwai tsaga a murɗe, daga gindi har baki. Idan harsashi ya bi ta ciki, tsagar tana sa shi juyawa kamar katantanwar yara, juyawar nan kuma ita ke hana shi wuntsilawa a iska, ta kai shi inda aka auna. Bututun bindigar farauta kuwa sumul yake. Ƙwayoyin dalma suna fita a dunƙule, sai su buɗe a hankali yayin da suke nisa. Idan aka tura su ta bututu mai tsaga, dunƙulen yakan ɗauki juyawa, da fitarsa kuwa sai ƙwayoyin su fantsama gefe-gefe da wuri, sau da yawa su bar tsakiya fayau kamar zobe. To me zai sa kamfani ya ƙera bindigar watsa ƙwayoyi, ya kuma saka mata abin da ke ɓata watsin?

Dokar da ta sauya kasuwa

A farkon ƙarni na 20 Amurkawa suna sayen ƙananan bindigogin hannu masu sulɓin bututu ba tare da wata matsala ba. A 1908 kamfanin Marble na jihar Michigan ya fito da Game Getter domin masu ɗana tarko da matafiya daji. A 1921 Harrington & Richardson ya fito da Handy-Gun mai cin harsashi ɗaya, wadda manoma suka riƙa kashe macizai da ɓeraye da ita. A 1922 kamfanin Ithaca ya kawo Auto & Burglar mai baki biyu, sunanta ma ya faɗi aikinta: a ajiye a mota, a tari ɗan fashi. Tallar da aka yi wa waɗannan a lokacin ita ce dai ake yi wa Judge yau.

Sai zamanin haramcin giya, daga 1920 zuwa 1933, ya haifar da gungun 'yan ta'adda masu yaƙi da juna a kan tituna. Kisan mutum bakwai da aka yi a Chicago ranar 14 ga Fabrairu 1929, da yunƙurin harbe zaɓaɓɓen shugaban ƙasa Franklin Roosevelt a Miami a 1933, sun sa gwamnati neman mafita. Ministan shari'a Homer Cummings ya jagoranci samar da dokar makamai ta ƙasa ta 1934. Da yake ana shakkar ko gwamnatin tarayya tana da ikon haramta bindiga kai tsaye, sai aka bi ta hanyar haraji: dala 200 da rajista a kan bindiga mai sarrafa kanta, da bindigar farauta wadda bututunta bai kai inci 18 ba, da wasu ƙananan makamai da ake iya ɓoyewa a jiki. Kuɗin ya ninka farashin Handy-Gun sau da dama, nan take kuwa kasuwar irinta ta mutu.

Daftarin farko ya haɗa da libarba da fistol na yau da kullum, amma aka cire su kafin majalisa ta zartar. Daga nan aka samu wata iyaka da har yau take aiki a dokar tarayya: ƙaramar bindigar hannu mai tsaga a bututu libarba ce kawai, wadda aka ƙera da bututu mai sulɓi domin harsashin farauta kuwa tana faɗawa rukunin makamai masu rajista ta musamman. Tsagar da ke cikin bututun Judge, wadda da gangan aka yi ta marar zurfi, ita ce lasisinta na shiga kanti. Jihar Kalifoniya ba ta yarda da wannan dabara ba, domin dokarta tana ɗaukar bindigar a matsayin gajeriyar bindigar farauta, ta kuma hana sayar da ita.

Dacewar awo

Doka ta buɗe ƙofa, amma da ba a samu wata dacewa ba da babu mai shiga. Harsashin .45 Colt, wanda aka fito da shi a 1873 domin libarbar sojan Amurka, kaurin kwansonsa ya yi kusan daidai da na .410, mafi ƙanƙanta cikin harsasan farauta da aka saba sayarwa. Babu wanda ya tsara hakan. Sakamakonsa shi ne idan aka tsawaita ramin da ke ɗaukar .45 Colt, zai ɗauki .410 ma.

Kamfanin Thompson/Center, wanda ya fito da fistol ɗin Contender mai harbi ɗaya a 1967, ya yi amfani da wannan dama, ya kuma ƙara wani ɗan bututu da ake ɗaurawa a baki, mai miƙaƙƙiyar tsaga, domin tsayar da juyawar ƙwayoyi kafin su fita. A farkon shekarun 1990 wani ƙaramin kamfani a jihar Tennessee ya ƙera libarba mai suna Thunder 5, amma ba ta yi kasuwa ba. Taurus ne ya dace da suna mai jan hankali, da farashi mai sauƙi, da kuma zamanin da jihohin Amurka da yawa suka sassauta dokar yawo da bindiga.

Haɗin yana da farashinsa ta kowane ɓangare. Harsashin .410 yana da tsawon inci biyu da rabi ko uku, don haka gangar libarbar ta yi tsawo da nauyi. Harsashin .45 Colt ya fi shi gajarta nesa ba kusa ba, sai dalmarsa ta yi tafiya a cikin rami marar tsaga kafin ta isa bututu, abin da kan rage mata daidaito. Harsashin .410 kuma an tsara shi ne domin dogon bututu. A bututu mai inci uku, albarushin ba ya gama aikinsa kafin ƙwayoyin su fita, sai gudunsu ya ragu sosai, ga ƙara da walƙiya.

A hanyar daji

Nan ne bindigar ta fi samun hujja. A nisan taku biyu ko uku, harsashin .410 mai ƙananan ƙwayoyi yana watsa dalma da ta isa ta kashe maciji, saurin buɗewar ƙwayoyin ma taimako ne ga wanda hannunsa ke rawa. Masu kiwo a jihohin kudu da yamma, inda macizai masu ƙarau a wutsiya suke, suna yaba ta a kan wannan. Sai dai hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ƙiyasta cewa macizai masu dafi suna saran mutum dubu 7 zuwa dubu 8 a shekara, waɗanda ke mutuwa kuwa kimanin biyar ne. Macijin da aka hango har aka samu damar auna shi, galibi ana iya ja da baya a ba shi hanya. Ban da haka, an daɗe ana sayar da harsasai masu ƙananan ƙwayoyi da ke shiga libarba ta yau da kullum.

Idan abin tsoron babbar dabba ce kamar beyar, ƙananan ƙwayoyi sai dai su fusata ta. Dole a koma ga .45 Colt, wanda libarbar da aka ƙera dominsa kaɗai ta fi iya harbawa daidai. Wani nazari da Tom Smith da abokansa suka buga a 2008 kan haɗuwar mutane da beyar a Alaska ya nuna cewa feshin barkono ya tsayar da dabbar a fiye da kashi 90 cikin ɗari na lokutan da aka yi amfani da shi.

A cikin gida

Ranar 11 ga Afrilu 1986 jami'an hukumar FBI suka yi musayar wuta da 'yan fashi biyu a Miami. An kashe jami'ai biyu, bayan ɗaya daga cikin 'yan fashin ya ci gaba da harbi duk da raunin da aka yi masa tun farko, saboda harsashin ya tsaya kafin ya kai zuciya. Daga wannan darasi hukumar ta kafa ma'auni: harsashin kare kai ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren jelatin da ke kwaikwayon tsokar mutum.

Da wannan ma'auni, ƙananan ƙwayoyin harbin tsuntsu daga gajeren bututu sun gaza ƙwarai, domin rauninsu mai muni ne a ido amma marar zurfi. Manyan ƙwayoyi, masu kaurin kusan milimita 9, sukan kai ma'aunin ko su kusance shi daga kusa, amma uku ko huɗu kacal ke shiga harsashin .410 mai inci biyu da rabi, alhali harsashin babbar bindigar farauta da aka saba gani yana ɗaukar takwas ko tara, da gudu mafi ƙarfi. Kamfanoni irin su Winchester da Federal sun ƙirƙiro harsasai na musamman domin waɗannan libarbobi, kuma sun inganta sakamakon. Wannan da kansa shaida ce cewa harsashin asali bai wadatar ba.

Haɗari mafi girma yana cikin zaton da bindigar ke cusa wa mai ita, cewa ba sai ya yi saiti ba. A faɗin ɗaki, ƙwayoyin ba sa buɗewa har su cike ƙofa, don haka ana iya kuskure. A nisan dogon zaure kuwa suna buɗewa har wasu su kauce, kuma duk ƙwayar da ta kauce tana iya ratsa siririn bangon gidajen Amurka zuwa ɗakin da yara ke barci. Wanda ya sayi bindigar domin ya guje wa atisaye ya ɗora ran iyalinsa a kan zato.

Hukunci

Judge da 'yan'uwanta makamai ne na gaske, suna kisa, kuma a nisan 'yan taku kaɗan da harsashin da ya dace suna iya kare mai su. Amma Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. A kowane aiki da aka ce tana yi, in ban da harbin maciji daga kusa, akwai makamin da ya fi ta: doguwar bindigar farauta a gida, libarba ta asali a daji.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta bar irin wannan kafa ba. Ta jera libarba da fistol, masu tsaga a bututu da marasa tsaga, cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. A inda doka ba ta bambanta bututu mai tsaga da mai sulɓi ba, babu dalilin ƙera bindiga irin Judge. Ita 'yar Amurka ce ta haihuwa, kuma kalmomi kaɗan da 'yan majalisa suka amince da su a 1934 ne suka tsara cikin bututunta, shekara 72 kafin a ƙera ta.