Harafi Ɗaya a Cikin Jini: Tarihin Darasin Kwafi da Fassara

A Ƙaura Namoda, kamar a sauran garuruwan ƙasar Hausa, wata 'yar takarda ta shigo cikin sha'anin neman aure. Haruffa biyu ne a kanta: AA, ko AS, ko SS. Idan saurayi da budurwa duka suka fito AS, sai a ga magana ta tsaya cak, ko da kuwa an riga an kai kuɗin gaisuwa. Jihar Kano ma ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024. Mutane da yawa sun haddace hukuncin da ke cikin takardar, amma kaɗan ne za su iya bayyana abin da harafin S yake nufi a jikin ɗan Adam.

Bayanin yana cikin wani darasi da ɗaliban ilimin halittu ke ƙorafi a kansa, daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, har zuwa jami'o'in Gusau da Sakkwato da Zariya. Darasin shi ne yadda ƙwayar halitta ke ƙera furotin ta matakai biyu, kwafi da fassara. Sunayen matakan da Turanci sun yi kama da juna, don haka ɗalibi kan haddace su daren jarrabawa ya manta da safe. Amma tarihin gano su yana ɗaure da wata cuta da kusan kowace zuri'a a Shinkafi ko Zurmi ta san zafinta, wato amosanin jini, ko sikila.

Daga lauje zuwa furotin

Mutanen Afirka ta Yamma sun daɗe da sanin ciwon da ke sassaƙar gaɓoɓin yaro idan sanyi ya sauko. Likitan Ghana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi salsalar cutar a cikin danginsa har zuwa shekarar 1670. Amma a littattafan likitancin Turai sai a 1910 ta bayyana, lokacin da James Herrick na Chicago ya wallafa labarin Walter Clement Noel, ɗalibin likitancin haƙori daga tsibirin Grenada. Tun a 1904 mataimakin Herrick, Ernest Irons, ya duba jinin Noel a madubin ƙara girma, ya ga jajayen ƙwayoyin jini sun lanƙwashe kamar lauje. Daga sunan lauje a Turanci aka samo kalmar sikila.

An yi kusan shekara 40 ba a san abin da ke lanƙwasa su ba. A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu suka ratsa wutar lantarki ta cikin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini, suka ga na mai sikila yana tafiya da saurin da ya bambanta da na mai lafiya. Irin wannan gwaji ne har yau ɗakunan gwaje-gwaje da dama ke yi kafin su rubuta AA ko AS. A shekarar dai James Neel ya nuna yadda ake gadon cutar: sai an samu daga uwa da uba. Shi ya sa idan AS ta auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A 1954 kuma Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da ya bayyana dalilin yawaitar S a ƙasashen sauro.

Sai Vernon Ingram, a Cambridge ta Ingila. Furotin kamar tasbaha yake, an jera ƙwayoyinsa daga nau'i 20 na sinadarin amino asid. Himogulobin yana da irin waɗannan jeri guda huɗu, biyu alfa, biyu beta, kowane beta da ƙwaya 146. Tsakanin 1956 da 1957 Ingram ya daddatsa furotin ɗin, ya gano cewa bambancin mai sikila da mai lafiya ƙwaya ɗaya ce tak: inda ya kamata a samu gulutamik asid, sai aka samu balin. Gurbin shi ne na shida a jerin beta. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa canji a ƙwayar gado yana canza amino asid guda a cikin furotin.

Ɗan aiken da ya ɓace

Tambaya ta gaba ta fi wuya. Tun 1953 James Watson da Francis Crick, da taimakon hotunan Rosalind Franklin, sun bayyana siffar DNA, kundin da ke ɗauke da saƙon gado da haruffa huɗu: A, T, G, C. To, kundin yana kulle a cibiyar ƙwayar halitta, ƙera furotin kuwa a waje ake yi, a kan wasu ƙananan maƙeru da George Palade ya bayyana a 1955, waɗanda aka sa wa suna raibozom. Wa ke kai saƙo daga kundi zuwa maƙera? Kuma ta yaya haruffa huɗu za su wakilci amino asid 20?

A watan Satumba 1957 Crick ya gabatar da lacca a Landan, inda ya ce saƙo yana gudana daga DNA zuwa RNA zuwa furotin, kuma idan ya shiga furotin ba ya komowa. Ya kuma yi hasashen cewa dole a samu wani tafinta, ƙaramin sinadari da zai riƙe amino asid a gefe guda, ya karanta haruffa a ɗaya gefen. Ba da jimawa ba Mahlon Hoagland da Paul Zamecnik suka gano shi a Boston. Shi ne tRNA.

Shekarar 1961 ce ta warware sauran. A watan Mayu Sydney Brenner da François Jacob da Matthew Meselson suka wallafa shaidar ɗan aiken, mRNA, kwafi mai gajeren rai da ake ɗauka daga DNA. A ranar 27 ga watan, a Bethesda ta Amurka, Heinrich Matthaei da Marshall Nirenberg suka zuba RNA na ƙirar hannu, wanda babu komai a cikinsa sai harafin U, a cikin ruwan ƙwayoyin bakteriya da aka farfasa. Abin da ya fito jeri ne na amino asid iri ɗaya, fenilalanin. An karanta kalmar farko ke nan. A watan Disamba Crick da Brenner da abokan aikinsu suka tabbatar da cewa haruffa uku-uku ake karantawa. Zuwa 1966 an kammala ƙamus ɗin: kalmomi 64, guda 61 na amino asid, uku na tsayawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, wato ɗalibanta na farko sun shiga aji ana tsakiyar rubuta shafin da jikokinsu ke haddacewa yanzu.

Allo, tawada da tafinta

Malamin da ke koyar da wannan a Ƙaura yana da misali a ƙofar gida. Malamin zaure ba ya barin kundinsa ya fita. Almajiri ne ke zuwa da allo ya kwafi ɗan abin da zai karanta a ranar, ya tafi da shi, idan ya gama ya wanke. Haka sinadarin da ake kira RNA folimares yake yi: ya buɗe daidai wurin da ake buƙata a DNA, ya kwafe shi zuwa mRNA. Harshen bai canza ba, sai dai inda DNA ke da T, kwafin yana sa U. A 1977 Richard Roberts da Phillip Sharp suka gano cewa kwafin farko yana da sassan da ake yankewa kafin ya fita daga cibiya. Na beta yana da irin waɗannan guda biyu.

Fassara kuwa sauya harshe ce, kamar yadda malami ke karanta Larabci gaɓa-gaɓa yana mayarwa Hausa. Raibozom yana bin mRNA daga kalmar farawa, AUG, yana ɗaukar haruffa uku a kowane taki. Kowace kalma tana da tRNA da ya dace da ita, ɗauke da nasa amino asid, ana ƙulla su ɗaya bayan ɗaya har a iso kalmar tsayawa. Ƙamus ɗin kusan ɗaya ne ga dukan halittu: a 1971 John Gurdon da abokan aikinsa suka tsira mRNA na zomo cikin ƙwan kwaɗo, ƙwan ya kama ƙera furotin ɗin jinin zomo.

Jumlar Hausa mai kalmomi masu haruffa uku tana nuna illar kuskure. A ɗauki ADO ZAI KAI MAI YAU. Idan aka cire D aka ci gaba da karanta uku-uku, sai a samu AOZ AIK AIM AIY AU, magana ta rushe gaba ɗaya. Idan kuwa M kawai aka musanya da R, sai a samu ADO ZAI KAI RAI YAU: jumla ta tsaya da ƙafarta, amma ma'ana ta sauya. Sikila irin ta biyu ce. A kan kuromozom na 11, kalma ta shida ta beta ita ce GAG. A mai S ta zama GTG. Kwafi ya ɗauke ta a matsayin GUG, tafinta ya kawo balin. Balin ba ya shiri da ruwa, don haka idan iskar numfashi ta yi ƙaranci sai himogulobin ya manne wa juna ya zama dogayen sanduna, ƙwayar jini ta lanƙwashe, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Harafin C da ake gani a takardar wasu, AC ko SC, daga wannan kalma ya fito shi ma: GAG ta zama AAG. Ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana.

Abin da aka gani a Garki

Arewa ta ba da nata gudummawar ga wannan tarihi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da babban binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, a tsohuwar Jihar Kano, Jigawa ta yau. Alan Fleming, masanin jini a Jami'ar Ahmadu Bello, da abokan aikinsa suka auna himogulobin ɗin mutanen yankin, suka wallafa sakamakon a 1979. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da AS. Kimanin jarirai biyu cikin 100 SS ne, amma a cikin manya da ƙyar aka samu mai SS. Ma'anar a fili take: yaran ba sa kai wa girma. Babu mamaki a cikin yaran da Hausawa ke kira 'yan wabi, masu zuwa su koma, akwai masu wannan harafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa.

Magungunan da suka biyo baya daga wannan darasi suka tsiro. Ɗan tayi yana da nasa himogulobin, wanda ba ya amfani da beta, amma bayan haihuwa jiki yana rage kwafinsa, shi ya sa alamomin sikila kan fara bayyana bayan kimanin wata shida. Maganin haidiroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi don sikila a 1998, yana ƙara yawan himogulobin ɗin tayi. An gwada shi a kan yara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano domin kare su daga shanyewar ɓarin jiki. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara DNA na ƙwayoyin ɓargo domin a sake buɗe kwafin himogulobin ɗin tayi. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ga uwar da ke Zurmi, wadda isa asibitin Gusau ma ya zame mata abin fargaba saboda halin da hanyoyi ke ciki, abin da ke kusa shi ne gwaji da wuri, gidan sauro, rigakafi, yawan shan ruwa da suturar sanyi lokacin hunturu.

Nan ne ɗalibin kwaleji ya shigo. Shi ne zai zauna a ɗakin gwaji ya miƙa takardar, ko ya tsaya a ajin sakandare, ko ya riƙe kemis a bakin kasuwa. Idan ya gane kwafi da fassara, zai iya gaya wa mai AS cewa yana da kwafi ɗaya lafiyayye da ke isarsa, kuma shi ba majinyaci ba ne. Zai iya gaya wa mijin da ke ɗora wa matarsa laifi cewa rabin saƙon daga gare shi ya fito. Zai gane dalilin da ya sa ƙarin jini ke kawo sauƙi na 'yan makonni kawai: jajayen ƙwayoyin jini da suka balaga ba su da cibiya, kundin yana can cikin ɓargo yana ci gaba da ba da GUG. Zai kuma san cewa magunguna irin su tetirasaikilin da kuloramfenikol raibozom ɗin bakteriya suke toshewa, don haka ba su da aiki a kan mura.

Walter Noel ya kammala karatunsa, ya koma Grenada ya yi aikin haƙori, ya rasu a 1916, bai san sunan abin da ke damunsa ba. Shekara 40 bayan rasuwarsa Ingram ya nuna inda matsalar take, bayan wasu goma aka kammala ƙamus ɗin da ake karanta ta da shi. Yau ɗalibin da ke da alli da allo a Ƙaura Namoda yana iya rubuta GAG, ya goge harafin tsakiya ya sa T, ya bi shi mataki-mataki har zuwa ƙashin yaron maƙwabta da ke kuka da asuba.