Daga Darni Zuwa Waya: Tarihin Shingen Gida A Ƙasar Gumel

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel shekaru arba'in da suka wuce ya san cewa da zarar an gama girbin gero da dawa, to aikin da ke gaban maigida shi ne gyaran darni. A yau kuwa, idan mutum ya sami fili a bayan gari kuma ba shi da ƙarfin ginin bulo, abin da zai tsaya yana tunani shi ne, itace zai kafa ko waya zai ja? Wannan tambaya tana da tarihinta, kuma shi nake so mu ɗan waiwaya tare da mai karatu.

Mangawa ne suka kafa masarautar Gumel wajen shekarar 1750, ta kuma zauna ƙarƙashin inuwar Barno. A 1845 aka dawo da gadon sarauta daga Tumbi zuwa Gumel, a zamanin da ake ta gwabzawa da Damagaram da Haɗeja. A irin wannan lokaci kariya ta gari ce baki ɗaya. Babban gari yakan yi ganuwa, ƙauye kuma ya yi kafi, wato a jera manyan itatuwa a kewaye shi. Sunan Kafin Hausa da ke maƙwabtaka da mu shaida ne a kan haka.

Bayan zuwan Turawa a 1903 yaƙe-yaƙe suka kwanta, jama'a suka bazu zuwa gonakinsu, kowane gida ya koma dogara da shingensa. Da yake ƙasarmu yashi ce, musamman wajen Maigatari da Sule Tankarkar, katangar ƙasa ba ta kowa ba ce. Abin da talaka ya sani shi ne ya kafa dirkoki, ya fi so na ƙirya domin gara ba ta cin ta da wuri, ya jera kara ya ɗaure da tanka, ko ya jingina zanar gamba. Gona kuwa da aguwa ko dashi ake kewaye ta, a bar wa dabbobi burtali su wuce. Darni yana yin aiki biyu a lokaci guda: yana tsare akuya, yana kuma suturta iyali daga idon mai wucewa.

To amma darni yana da nasa ciwon kai. Gara na cin gindinsa, iskar bazara na kwantar da shi, gobarar hunturu kuwa idan ta kama shi sai ta bi unguwa gida gida. Sa'an nan farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, suka kashe itatuwa masu yawa. Kara da a da ake bari a gona ya zama abincin dabbobi da makamashi, har ya zama abin sayarwa. Ƙirya kuwa sai an yi tafiya kafin a ga guda.

Ita waya baƙuwa ce daga nesa. A 1844 wani Bature mai suna Charles Barnard ya ƙera injin saƙa waya kamar raga a garin Norwich na Ingila, kuma a 1874 Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya a Amurka domin tsare shanu. Mu nan mun fara saninta ne a wuraren gwamnati, kamar makarantu da gandun renon itatuwa da layukan darbejiya da aka dasa don tare hamada. Daga nan ta gangaro gidaje. Waya ba ta gobara, gara ba ta cin ta, kuma akan yi shekaru ba a taɓa ta ba. Aibinta ɗaya ne, amma babba ne a wurin Bahaushe: duk abin da ake yi a tsakar gida, na waje yana kallo.

Wannan ne ya sa za ka ga wasu sun ja waya, sa'an nan sun ɗaura mata zana ta ciki. A ganina sun yi dabara, domin sun sami ƙarkon waya da suturar darni ba tare da sun sare itace ko ɗaya ba. Lambu da garke su kam waya kaɗai ta ishe su, musamman a hanyar da dabbobi ke bi zuwa kasuwar Maigatari kowace Alhamis. Wanda ya ƙara da dasa aguwa ko darbejiya a jikin wayar, ya bar wa 'ya'yansa shingen da zai rayu bayan wayar ta yi tsatsa. Allah ya ba mu ikon dasawa fiye da yadda muke sarewa, amin.